Gefen Naman da Aka Binne

Duk wanda ya san Dukawuya ya san zauren Malam Ɗalha baduku, ko da bai san sunan mai zauren ba. Warin fata ne zai fara yi maka sallama tun daga bakin lungu. Shekara arba'in da 'yan kai yana zaune a kan buzu ɗaya, katako a gabansa, wuƙa a dama, basilla a hagu, yana ɗinka gafaka da kube da tumtum ana kaiwa Kasuwar Kurmi. Abin da ya yi suna a kai shi ne gyaran baki. Wani badukun zai yi maka ɗinki mai kyau, amma ya bar gefen fatar kamar ɓera ya gwaguya. Malam Ɗalha kuwa ko kuben aska ne sai ya bi gefensa da wuƙa ya daidaita shi sumul. Yakan ce wa masu saye, "Aiki a gefe ake gane shi. Tsakiya ai kowa ya iya."

Matarsa Sa'ida, shekararsu talatin da ɗaya tare, 'ya'ya biyar, babbarsu Bahijja tana aure a Mandawari. Sa'ida mace ce siririya mai tsabta, mai yin alkaki da dubulan na biki, ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ka kwana kana juya ta.

Wata rana wajen wanka ta ji wani ɗan ƙullutu a nononta na hagu, bai fi ƙwallon dabino ba, ba zafi ba ciwo. Wata huɗu tana ɓoye shi. Ba wauta ba ce ta sa. Yayarta Zainab ciwon daji na nono ne ya kashe ta, kuma kafin ya kashe ta sai da aka cire mata nonon gaba ɗaya. Sa'ida ce ta yi jinyarta, ita ke wanke tabon, ita ke ganin yadda Zainab ke juya wa madubi baya in za ta sa riga. Tun ranar da aka kai Zainab ta ce wa ranta, ita kam gara ta tafi kabari da halittarta cikakkiya.

Daga ƙarshe ta gaya wa Bahijja, Bahijja ta gaya wa uban. Malam Ɗalha ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya koma lallashi. Ƙarshe ya ce, "Sa'ida, mu je dai su duba. Na yi miki alkawari, muddin ina numfashi ba mai cire miki komai ba da yardarki ba." Da wannan alkawarin ta ɗauki mayafi.

A asibiti suka dace da wata likitar tiyata, Dakta Fanna, 'yar gidan Barebarin cikin gari, matashiya mai saurin magana. Aka yi hoto, aka tsikari ƙullutun da allura aka ɗebi ɗan kaɗan aka gwada. Ranar da sakamako ya fito ta zaunar da su biyu ta ce, "Ciwon daji ne, ba zan ɓoye muku ba. Amma kun zo da wuri, yana nan ƙarami bai yaɗu ba. Ba sai an cire nonon ba. Hajiya, ɗan ɗaga rigarki in nuna miki inda zan bi."

Malam Ɗalha ya miƙe tsam yana laluben takalmi.

"Baba, zauna mana. Ai iyalinka ce. Bayani zan yi, gara ku ji tare."

"A'a likita, ku ƙarasa abinku. Wannan sha'anin mata ne."

Ya fita ya zauna a inuwar darbejiya suna hirar tsadar fata da wani mai goro. To, ga abin da aka faɗa a bayansa. Dakta Fanna ta ɗauki biro ta zana da'ira a jikin Sa'ida, ta ce, "Kin san in dankali ya ruɓe ta gefe, ba ruɓaɓɓen kawai ake yankewa ba, ana haɗawa da ɗan mai kyau? Haka zan yi. Zan ciro ƙullutun tare da nama mai lafiya kewaye da shi. A ɗakin gwaji za su shafe bayan naman nan da tawada ko'ina, su yayyanka shi siri-siri, su duba a madubinsu mai ƙara girman abu. In ciwon bai taɓa tawadar ba, na kwashe shi ke nan tas, nononki ya tsira, sai a yi miki gashin wurin da na'ura mu rabu lafiya. In ya taɓa ta wani ɓangare, zan ɗaura zare biyu a jikin naman, dogo da gajere, su ne za su nuna mini wane ɓangare ne, in koma in ƙara yanke nan kawai. Kin gane? Gefen nan shi ne shaidarmu."

Sa'ida ta gane sarai. Da suka shiga adaidaita sahu za su koma gida, Malam Ɗalha ya karkato ya ce, "Me ta ce?"

Ta dubi ƙeyar direba, ta rage murya. "Ta ce ba za a cire ba."

"To alhamdulillahi. Ban gaya miki ba?"

Iyakar abin da ya ji ke nan, bai ƙara tambaya ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Ranar Juma'a aka yi aikin. Ana saukowa daga masallaci aka fito da ita, tana barcin allura, Bahijja na bin gadon. Wata nas ta biyo baya da robar kastad mai murfi da takarda manne a jiki, ta miƙa wa Malam Ɗalha.

"Baba, wannan abin da aka ciro ne. Mu nan ba mu da ɗakin gwajinsa, babban asibiti za ka kai. Yau sun tashi, sai Litinin da safe. Kada ka bari ruwan ya zube." Tana faɗa tana tafiya, ana kiranta a wani ɗakin.

Ya rungumo robar ya kawo gida, ya tura ta ƙarƙashin bencin zaure, ya rufe da wata tsohuwar fata.

Mahaifiyar Sa'ida, 'Yardada, ta zo daga Ƙofar Ɗan Agundi don ta riƙe gidan ta riƙa dama kunun da ake kaiwa asibiti. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, ido ya rage amma hanci da harshe suna nan daram. Asabar da hantsi ta fito zaure tana dogara sanda, Malam Ɗalha ya sauka daga buzu ya durƙusa ya gaishe ta.

"Malam Ɗalha, warin fatarka na saba da shi. Wannan kuma mai hawa ido kamar ana yanka albasa na mene ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Abin da aka ciro ne, Inna. Jibi zan kai gwaji."

"Abin da aka ciro a ina?"

Ya saci kallon ƙarƙashin benci. Ta sa sanda ta ture fatar, ta ga robar.

"Innalillahi. Naman 'yata ne a robar koko? Ƙarƙashin benci, kusa da takalma?"

"Haka suka ba ni, Inna."

"In sun gama gwajin sai su yi yaya da shi?"

"Wallahi ban tambaya ba."

"Ai ba sai ka tambaya ba, ni zan gaya maka. Bola, ko wuta. Na Zainab wa ya ga inda aka kai shi? Har yau abin yana ci mini rai." Ta zauna a bakin benci tana haki. "Tara na haifa, ba mabiyiyar da ta wuni a waje. Yarinyar nan ko farce na yanke mata sai na tona rami, ko gashi na taje mata ba na barin iska ta ɗauka. Jikin ɗan'adam da daraja yake. Yau ga ta da miji malamin sana'a, ga uwa da rai, a ƙona tsokarta kamar shara?"

"Inna, likita ce ta ce lallai a gwada."

"Me za su gwada, ciwon ko 'yata? Ai ciwon suke nema. To ka ba su ciwonsu, ni ka ba ni 'yata."

Maganar nan ta zauna masa daidai. Ya san mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu, tsiko yake sokawa ya ga 'yan ƙwayoyi a tafin hannu. Ya san in ɗan kasuwa na son ganin rini, ɗan yanki ake kai masa ba fatar duka ba. Ya yi tunanin ya leƙa wajen limamin unguwa, Malam Salihu, ya ji hukuncin abin. Sai kuma ya hango kansa zaune gaban liman da almajiransa yana ambaton wannan wuri na jikin iyalinsa. Ya fasa.

Ya yi alwala, ya rufe ƙofar zaure, ya buɗe robar. Hawaye suka cika masa ido saboda ƙarfin maganin. Tsoka ce mai kitse rawaya-rawaya, ta kai girman lemon tsami babba. A jikinta ga baƙin zare biyu suna reto, ɗaya dogo ɗaya gajere. Ya yi tsaki a ransa. Likita guda da duk karatunta, ta bar zare ko datsewa babu, tsawon ma bai zo ɗaya ba. Da yaron shago ne ya yi wannan da ya sha ranƙwashi.

Ya ɗora tsokar a kan sabon katako, ya danna da babban yatsa kamar yadda yake laluben tabo a jikin fata. Nan da nan ya ji shi, can tsakiya, tauri kamar tsakuwa. Ya wasa wuƙa, ya yi bisimilla. Yanka takwas ya yi. Bai taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Ya fere naman mai lafiya kaf, bai bar ko ɗigon kitse ba, bai kuma ƙwarzani ciwon ba, har ya fito fari-fari sumul kamar ƙwallon dabinon da aka tsotse. Ya mayar da shi cikin ruwansa, ya rufe, ko ɗigo bai zube ba.

Sauran, da zaren da komai, 'Yardada ta wanke da ruwa mai tsabta, ta naɗe a ƙyallen alawayyo. Ya tona rami a gindin katangar bayan ɗaki, inda aka binne mabiyiyar 'ya'yansu biyar, ya sa, ya mayar da ƙasa, suka shafa fatiha. Tsohuwa ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Yau na san 'yata ta yi dacen miji." A ranar Malam Ɗalha ya ci tuwo da daɗin rai. A ganinsa ya ba asibiti haƙƙinsa, ya ba ƙasa nata, bai zalunci kowa ba.

Litinin ya kai robar. Mai karɓa a taga bai ko ɗaga murfin ba, ya duba takarda ya ce a dawo bayan mako uku.

Sa'ida ta dawo gida, ciwo ya warke da wuri. Ɗan tabo ne kawai kamar tsawon yatsa. Har ta fara karɓar aikin alkaki. Wata safiya ya shigo ɗaukar hula ya tarar da ita gaban madubi tana gyara wuyan riga tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Bai gaya mata zancen ramin ba. Ba ɓoyewa ya yi ba, gani ya yi ba abin faɗa ba ne, kamar yadda ba ka ce wa mai jego ga inda ka binne mabiyiya.

Ranar karɓar sakamako suka tarar da Dakta Fanna ta ɗaure fuska, takarda a hannu tana karantawa tana sakewa.

"Baba, yau kam ba inda za ka. Zauna." Ta ƙwala wa nas kira. "Robar Hajiya Sa'ida, ke kika rufe ta?"

"Ni ce, Dakta. A gabanki ma."

"To sun rubuto wai ƙullutun tsirara ya je musu. Ba nama a kewaye, ba zare, ba inda za su shafa tawada. Wai ba za su iya cewa komai a kan gefe ba. Ni da hannuna na ɗaura zaren nan. Ko dai sun haɗa da na wata, ko wani ya yi wasa da aikina. Ba ni waya."

Malam Ɗalha ya gyara zama, har da ɗan murmushi.

"Likita, kada ki ɗau alhakin bayin Allah. Ba su da laifi. Ni na rage musu aiki."

Ya kwashe labarin tun daga robar har ramin, bai rage ba, har da zancen zaren da ya ga an manta. Yana magana yana nuna yadda ya bi da wuƙar. Sai da ya kai ƙarshe ya lura ba mai kallonsa. Nas ta dafe baki. Likita ta ajiye wayar a hankali. Sa'ida kuwa likitar take kallo.

"Tawadar fa?" in ji Sa'ida.

"Babu abin shafa wa, Hajiya."

"Wace tawada?" in ji Malam Ɗalha. "Ai ciwon na kai musu cif, ko ƙwarzane babu."

Dakta Fanna ta cire tabarau ta murza ido. "Baba, ciwon tun ranar allura mun san shi. Ba shi muke tambaya ba. Naman da ka fere, shi ne zai gaya mini ko na kwashe ciwon duka ko na bar saura a jikinta. Tsakiyar ba ta da wani labari. Gefen shi ne aikin."

Wannan karatun ba sai an maimaita masa ba.

Ta juya wajen Sa'ida. "Yanzu ban sani ba, kuma ba wanda ya sani. Da sun ce mini ta sama ne ko ta ƙasa, nan kawai zan ƙara yankewa. Tunda babu shaida, sai dai in kewaye wurin gaba ɗaya, sama da ƙasa, dama da hagu, ciki da waje. Ke kuma jikinki ba mai yawa ba ne, na farkon ma na ɗebi iyakar abin da zai ɗebu. In na sake, abin da zai rage ba abin bari ba ne. Gaskiyar da zan gaya wa uwata ita zan gaya miki. A cire duka."

"In na ce a bar shi haka fa?"

"Jikinki ne, ba mai tilasta miki. Wataƙila babu komai a ciki. Wataƙila kuma akwai, ya dawo bayan shekara biyu, lokacin ba a nan kaɗai ba. Ba zan iya ce miki ki kwanta da kwanciyar hankali ba. Ki je ki yi shawara, mako ɗaya."

Suna shiga gida ta wuce ɗaki, shi kuma ya ɗauki fartanya ya nufi gindin katanga. Rana tsaka yana tono, da ya kusa sai ya ajiye fartanyar ya sa hannu. Ya ciro ƙyallen, ya koma ruwan ƙasa. Bai ko wanke hannu ba ya koma asibiti, ya jira har likita ta sallami layi, ya shimfiɗa ƙunshin a gefen teburinta.

"Likita, ga shi. Yanka takwas na yi, na san kowanne inda ya fito. Ni baduku ne. A karɓo mini tsakiyar in mayar da shi yadda yake, ɗinkin da ko ke ba za ki gane ba. Ga zarenki ma yana nan."

Ta ɗaga bakin ƙyallen da biro, ta duba, ta mayar.

"Baba, tsakiyar sun riga sun yayyanka ta. Wannan kuma ƙasa ta karɓa. Ba abin da madubi zai gani a ciki."

"Ko a gwada dai."

"Ka mayar da shi inda ka ɗauko, Baba."

Da la'asar, kunyar da ta hana shi zuwa wajen liman ta kama gabanta. Ya sami Malam Salihu shi kaɗai a soron masallaci ya zayyana masa komai. Liman ya jima yana jan gemu.

"Binne abin da ya rabu da jikin mutum abu ne mai kyau, ba musu. Amma ba a gaba da ceton rai yake ba. Ai da ka bar su sun gama bincikensu, in ya so ka roƙi abin da ya rage ka suturta. Malam Ɗalha, tsakanin zaurenka da nan taku nawa ne?"

Washegari ya je Ƙofar Ɗan Agundi ya durƙusa gaban 'Yardada ya gaya mata abin da ake ciki. Ta saurara tana tauna goro da dasashi.

"Ƙaddara ta riga fata. Ni dai na san na rufa wa naman 'yata asiri." Ta tofar da tuƙa a gwangwani. "Kuma ni ban riƙe wuƙa ba. Kai da aka yi bayanin a gabanka, me ya hana ka ce mini ba a taɓawa?"

Ya buɗe baki zai ce ba a gabansa aka yi ba, sai ya tuna wanda ya miƙe ya fita. Ya yi mata sallama.

Da Sa'ida ta yi masa ihu, ko ta ce ya sake ta, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Abincinsa na zuwa a kan lokaci, ruwan alwalarsa na nan a buta. In ya ce sannu ta ce yauwa. Ana gobe mako zai cika, bayan sallar azahar, ta leƙo ƙofar zaure ta ciki, ta tsaya jikin bango.

"Malam, gobe za mu koma. Zan ce a cire."

Ya ajiye basilla. "Sa'ida, na yi miki alkawari..."

"Ka cika. Cewa ka yi ba mai cire mini komai ba da yardata ba. Ga shi na yarda." Ta gyara ɗankwali. "Yaya Zainab makara ta yi, ta rasa shi ta rasa ranta. Ni ban makara ba. In na zauna ina jiran tsammani har ya dawo, na yi asarar zuwan da na yi da wuri. Ɗaya dai zan rasa, ba biyu ba."

"Ki yafe mini."

"Tuwonka na hucewa," ta ce, ta koma ciki.

Aiki na biyu ranar Talata aka yi shi. Nas ɗin nan ta fito da bokiti, wannan karon babba, mai hannu. Malam Ɗalha ya miƙe daga benci ya miƙa hannu biyu. Ta kauce kaɗan, idonta a ƙasa.

"Yi haƙuri, Baba. Hajiya ta bar sallahu kafin a sa mata allura. Ta ce Bahijja za a ba."

Bahijja ta karɓa, ta wuce ta gabansa ba ta dube shi ba. Ya tsaya da hannuwansa a miƙe, mutanen da ke layi suna kallo, kafin ya tuna ya zuba su a aljihu.

Bayan mako uku suka sake zama gaban teburin nan. Yau fuskar likita a sake take.

"Albishirinku. Sun bincike nonon gaba ɗaya, lungu da saƙo. Ba su sami ko ɗigon ciwo ba."

"Alhamdulillahi!" in ji Malam Ɗalha, har yana ɗaga hannu sama. "Allah mun gode maka."

Sa'ida ta bari ya gama.

"Likita, wato aikinki na farko ya kwashe shi tas."

Dakta Fanna ta shiga tattara takardun da ba su watse ba. "Haka alama ta nuna, Hajiya."

"Da an ga gefen nan, da tawada ta fita lafiya."

"Abin da za mu riƙe shi ne kin rabu da ciwon. Ga magungunan da za ki ci gaba da sha."

Hannun Malam Ɗalha ya sauko a hankali ya kwanta a gwiwa.

Wata biyu bayan nan aka sa ranar bikin 'yar ƙanwar Sa'ida. Tun da aka yi aikin ba ta fita ko'ina ba sai asibiti, cikin zumbulelen hijabi. Wata safiya ta shigo zaure riƙe da rigar nononta da ƙullin auduga da wani yankin yadi mai laushi, ta ajiye a kan katakonsa.

"Tsumma nake cusawa, yana zamewa. Ba zan shiga cikin mata ina dafe ƙirji ba. Ka ɗinka mini abin da zai zauna a wurin."

Ya dubi kayan. "Ba in kai wa tela ba? Ko Bahijja ta nemo na kanti, an ce akwai."

"In kai wa tela in ce masa me? Kai ka san girmansa. Shekara talatin da ɗaya."

Ya rufe ƙofar zaure. Wuni guda ya yi a kan abin da bai fi tafin hannu ba. Ya yanka yadin, ya cusa auduga, ya zazzage, ya sake cusawa. Ya sa 'yar fata mai laushi ta baya don kada ya zame. Ya bi gefen da ƙananan ɗinki, ya kwantar da shi yadda ba zai goge mata tabo ba. Sau biyu basilla na shiga yatsansa, abin da rabonsa da shi tun yana yaro.

Kafin magariba ya kai mata. Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ya tsaya a tsakar gida, ya juya wa katangar bayan ɗaki baya. Can ta fito cikin atamfar ankon bikin, ta tsaya a haske, ta juya dama ta juya hagu. Ko uwar da ta haife ta ba za ta ce ga na gaske ga na auduga ba.

"Ya zauna?" ya tambaya.

Ta shafa wurin da tafin hannu, ta bi gefen da yatsa ta kan riga.

"Daram. Ai kai hannunka ba ya kuskure, Malam."

Ta ɗauki buta ta wuce alwala.